Yini guda a Akara: abin da mai gaggawa ba ya gani

Da yawa daga fataken Maraɗi da Damagaram da ma'aikatan da ake turawa misiyo sun sha zuwa Akara, babban birnin Gana, amma in an tambaye su, tasha da kasuwa da masauki kaɗai suka sani. Alhali tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma yini guda ya isa baƙo ya karanta garin da ƙafafunsa.

Ya kamata ya soma da sassafe daga Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo, ɗan Malam Na'ino, ya kafa a farkon ƙarni na 20. Nan zai karya da koko da ƙosai, ya ji ana ciniki da Hausa. Ko sunayen abincin garin shaida ne: «waakye», wato shinkafa da wake, da «tuo zaafi» duk daga bakin Bahaushe suka fito, tun zamanin fataucin goro na Gwanja.

Da hantsi sai ya ƙetare tafkin Korle zuwa Jamestown, tsohuwar unguwar masunta ta ƙabilar Ga, a bakin teku. Can akwai kurkuku biyu na tarihi: Ussher Fort, wanda Holandawa suka gina a 1649, da James Fort na Ingilishi, na 1673. Cikinsu aka tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Ɗan kasuwar da ya tsaya ƙofar nan zai tuna cewa ba kowace riba ce ke da albarka ba.

In ya miƙe gabas zai iske kabarin Kwame Nkrumah, wanda ya kai Gana ga mulkin kai ranar 6 ga Maris 1957, soja suka tuɓe shi a 1966, ya rasu a ƙasar waje a 1972. Sai a 1992 aka buɗe wannan hubbare don girmama shi. Ma'aikacin gwamnati na da abin tunani a nan. Kasuwar Makola ba nisa. Mata ne ke riƙe da ita, kuma ko wanda bai zo saye ba ya dace ya ga yadda kowane layin haja ke da shugabarsa.

Bayan azahar sai ya shiga «trotro», ƙaramar motar haya, ya nufi arewa. A Kanda zai yi la'asar a babban masallacin ƙasa, wanda aka gina da taimakon Turkiyya aka buɗe a 2021. Daga nan Nima kusa take, unguwa mai cunkoso da ƙananan lunguna, inda Hausa da Zabarmanci ke tashi ko'ina har marece.

A Nima ne darasin yinin yake. Tun garin yana hedikwatar Gwalkwas ƴan Nijar ke sauka Kurmi neman kuɗi, har Jean Rouch ya yi silimar «Jaguar» a kan irin tafiyarsu. Amma a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama sati biyu su fita. Dubbai suka bar rumfuna da gidaje, suka koma gida hannu wofi, cikinsu har da waɗanda aka haifa a zango. Dattawan unguwar na ba da labarin har gobe.

Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025, wannan labari ya wuce hirar tsofaffi. Matafiyi ya riƙe fasfonsa da karnen allurar shawara a jikinsa, ya yi tambaya a ofishin jakadanci kafin ya zuba dukiya a garin da ba nasa ba. Zango wurin sauka ne. Komi daɗewar ayari a cikinsa, mai gari bai manta ranar da ya zo ba.