Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Naɗin Piyano Mai Kaɗa Kanta



Roƙo ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami: don Allah ku raba naɗin nan da salatif. Na san abin da ke jawo shi. Gefen takarda ya tsage, hannu ya kai kan abin da ya fi kusa. Amma bayan 'yan shekaru gam ɗin zai yi ja, ya jiƙe takardar, ya manne da zagayen da ke ƙarƙashinsa, ranar da aka zo warwarewa kuma ya tafi da hujin da sautin ke ciki. A liƙe tsaga da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke iya cire shi in bukata ta taso. Robar ɗaure kuɗi ma haka take, narkewa take yi a jikin naɗi. Zaren auduga mai faɗi ya wadatar.

Ku tuna abin da kuke riƙe da shi. A 1905 Gustav Mahler ya zauna a Leipzig ya kaɗa wa kamfanin Welte naɗi huɗu, kuma ta nan kaɗai ake jin yadda yatsunsa ke taɓa piyano. Masana'antar Welte da ke Freiburg kuwa bama-bamai sun rusa ta a 1944. Saboda haka naɗin da ya lalace a hannunku, da wuya a sami madadinsa.

Wajen ajiya, kowane naɗi ya kwanta cikin kwalinsa, nesa da rana da ƙasan ɗaki. Zafi kada ya wuce digiri 20, danshi kuma tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. Hawa da saukar danshin ne ya fi ɓarna: takarda ta kumbura, ta motse, hujin ya kauce wa ramukan da ke karanta shi. A riƙa leƙawa saboda kyankyasai.

Sai batun kaɗawa, wanda na san shi ne daɗin aikinku. Yawancin tsaga wajen mayar da naɗi baya take faruwa, lokacin da injin ke fizgarsa da gudu gefensa na gogar bakin sandar naɗin. Tsoho dai a mayar da shi a hankali, ko da hannu ne. Wanda ya yi rauni sosai, a fara ɗaukar hotonsa da na'ura, kamar yadda Jami'ar Stanford ta yi bayan ta karɓi tarin naɗin Denis Condon a 2014, sannan a buga sabon kwafi a kaɗa shi.

Allah ya taimaka.

Naku,
Mai ƙaunar sana'arku