Rigimar Masu Dikoda da Masu Tashoshi Ba Cinikin Son Rai Ba Ne

A watan Disamban 2025 kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya sanar da masu biyansa kuɗin wata cewa tashoshi 12 na kamfanin Warner Bros. Discovery na Amurka, ciki har da CNN da Discovery da Cartoon Network, za su iya ɓacewa daga ranar 1 ga Janairun 2026 saboda an kasa daidaitawa. Sai da wa'adin ya zo gab da cika aka sasanta. Tsohon ra'ayin nan kuwa ya sake tasowa: wai sa'insa ce tsakanin 'yan kasuwa biyu, kallo ba abinci ba ne, wanda bai gamsu ba ya kashe dikodarsa ya nemi wata. Ra'ayin nan kuskure ne, kuma a ƙasar Gumel kuskurensa ya fi fitowa fili.

Kamfanin dikoda ba shi ke shirya yawancin abin da yake nunawa ba. Saye yake yi da dala daga masu tashoshi da masu haƙƙin wasanni, na wasu 'yan shekaru. Idan yarjejeniya ta kusa ƙarewa, mai tasha ya tsawwala, mai dikoda ya ƙi, kowa ya riƙa yi wa ɗan'uwansa barazana da fushin masu kallo. Mai kallon kuwa ya riga ya biya tun farkon wata. Ba a gayyatarsa zaman sulhu, kuma ba a saba jin an rage masa ko kwabo don wata tasha ta fita ba. A kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda ya karɓi kuɗin buhun gero sannan ya kwashe tiya goma, yana cewa ya saɓa da manomi, ba zai kai la'asar a rumfarsa ba. A harkar talabijin, wannan zamba ce aka sa mata suna ƙa'idar kamfani.

Wanda ya fi shan dukan shi ne mai gidan kallo. A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran garuruwan Arewa, matashi ba ya jiran wutar KEDCO kafin ya ga ƙwallo. Rumfar kwano yake shiga, ya zauna kan benci, inji na ruri a baya, an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo a bakin ƙofa. Mai rumfar ya biya kuɗin wata, ya sayi fetur a farashin bayan janye tallafi na Mayun 2023, sannan ya jira ya tara kuɗinsa daga hannun 'yan kallo, wasa bayan wasa. A farkon Janairun 2024, ana saura 'yan kwanaki a fara Gasar Cin Kofin Afirka a Kwadebuwa, MultiChoice ya ce tasharsa ta wasanni, SuperSport, ba za ta nuna gasar ba, domin New World TV na Togo ne ke riƙe da haƙƙin. Daga baya aka shirya, ana dab da take wasan farko. A tsakanin sanarwa biyun, mai gidan kallo ko dai ya ci bashi ya sayi wata dikodar, ko ya zauna yana kallon abokan cinikinsa na tambayar inda za su koma. Babu kamfanin da ya mayar masa da asarar wannan zullumi. Gasa ce kuma da Super Eagles suka kai wasan ƙarshe.

Ba a nan aka fara ba. A 2013, shekarar da kocin Super Eagles Stephen Keshi ya ciyo kofin a Afirka ta Kudu, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta BON ta kasa daidaitawa da dillalan haƙƙin gasar kan farashi, aka fara wasanni tashoshin gida ba su nunawa. Mai eriya kawai ya koma rediyo.

Masu cewa a nemi wata dikoda ba su faɗin wacce. Firimiyar Ingila ce ke cika benci, tana kuma hannun SuperSport. Dikodar HiTV ta taɓa ƙwace ta a 2007, ta rasa ta a 2010, ta durƙushe ba da jimawa ba. TSTV ta zo da ɗoki a Oktoban 2017, sai ga beIN ta ce ba ta ba ta izinin nuna tashoshinta ba. A hayin iyaka, a Damagaram, Canal+ na Faransa ne ke cin kasuwa, kuma tun Satumban 2025 shi ne ya mallaki MultiChoice. Ke nan ɗan Maigatari, ko ya duba kudu ko ya duba arewa, uban gida ɗaya zai tarar. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC ta yi yunƙurin hana kamfani guda kankane haƙƙin wasanni a gyaran ƙa'idojinta na 2020, a zamanin ministan yaɗa labarai Lai Mohammed, amma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke gyaran a 2022. A Maris 2025 kuɗin DStv Premium ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta nemi a dakata, Mai Shari'a James Omotosho ya yanke a watan Mayu cewa ba ta da hurumin ƙayyade farashi. Alƙali doka ya karanta. Laifin na Majalisar Tarayya ne, wadda ta sha kiran kamfanin gaban kwamiti ana ɗaga murya, a tashi ba a gyara komai ba.

Tushen raunin mai kallo kuwa gazawar gwamnati ce ta daɗewa. An yi alƙawarin komawa talabijin na dijital, mai tashoshi da dama kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Wa'adin 2012 ya wuce, na 2015 ya wuce, na 2017 ya bi su. An ƙaddamar a Jos a 2016, aka bi da Abuja da Kaduna da wasu jihohi, Kano ta samu a 2021, Jigawa ba ta cikin jerin. Haka aka saba: abu ya tsaya a Kano a ce Arewa ta samu, garuruwan bakin iyaka kuma sai lokacin zaɓe ko ranar rufe boda ake tuna su. Da an cika wannan alƙawari, da barazanar janye tasha ba ta yi kaifin da take da shi ba. Arewa24 ta nuna haka tun 2014: duk mai dish da risiba yana kallon Daɗin Kowa da Kwana Casa'in ba tare da kuɗin wata ba, rigimar wasu kamfanoni ba ta kashe masa allo.

Batun cewa kowa ya koma kallo a waya bai cancanci dogon martani ba. Wasan minti 90 data yake ci, a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Abin da ya rage doka ce daga majalisa, ba ƙa'idar hukuma da kotu za ta sake sokewa ba. Ta wajabta rage kuɗin wata daidai da tashoshin da suka fita, da sanarwa tun kafin mutum ya biya. Ta kuma ware wasannin ƙungiyar ƙasa su zama dole a nuna su a tashoshin kyauta irin su NTA, kamar yadda Birtaniya ta tanada a dokar watsa shirye-shiryenta ta 1996 game da Gasar Cin Kofin Duniya da wasu manyan wasanni. Sanatan Jigawa ta Arewa maso Yamma da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar ƙananan hukumomin nan huɗu suna da ikon gabatar da ƙudirin.