Tarkon Lucena da Gwajin Kalmominmu

Kafafen yaɗa labarai sun saba fassara wasan ces, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji, da sunan "dara". A ganina wannan fassara ta gaza, kuma wata tsohuwar matsala ta wasan ta isa hujja.

A littafin Lucena da aka buga a Salamanka ta ƙasar Sifaniya a 1497, akwai matsalar da ake buƙatar fari ya kashe sarkin baƙi cikin motsi biyar. Sarauniya ce ke fara kai farmaki, sarki ya tsere kusurwa, bayan dakarunsa biyu. Doki ya far masa, ya fito. Dokin ya sake tsalle, farmaki ya zo daga gare shi da sarauniya a lokaci guda, sarki ya koma kusurwa dole. A motsi na huɗu sarauniya ta tsaya dab da sarki. Ba ya iya cin ta domin doki na gadinta, sai hasumiyarsa ta ci ta, ta haka ta toshe masa kafar da ta rage. Doki ya dawo, wasa ya ƙare: mutanen sarki ne suka shaƙe shi.

Abin lura shi ne, wanda ya ci sarauniya shi ya faɗi. A dara kuwa, jera uku ake yi a ɗauke ɗan abokin karawa, kuma duk 'ya'yan darajarsu ɗaya. Babu sarki, babu farmakin da ke wajabta amsa. Wanda aka ce masa ces dara ce zai shiga ƙirga abin da ya ci, alhali magana tana kan tilas: mai warware matsalar sai ya rufe kowace mafita, in ya bar ɗaya, amsarsa ta rushe.

Wani zai ce a ari kalmomin Ingilishi a huta. Aro ba aibi ba ne, Larabawa ma daga Farisa suka karɓi wasan da sunansa, Barno kuma ta san shi da tsatsarandi. Sai dai aron da ba a daidaita ba ruɗani yake haifarwa. Ni kaina da na ce "hasumiya" da "dakaru", zaɓina ne kawai, ba matsayar masana ba.

Shawarata ga sassan Hausa na jami'o'inmu ita ce, duk kalmar da za a ƙirƙira, a gwada ta da matsala irin wannan. A karanta wa ɗalibi ita da Hausa zalla, a ba shi allon wasa. In ya kai ga motsi na biyar bai nemi fassara ba, kalmar ta zauna.