Karatun Kasuwanci a Kalabi: Kada Digiri Ya Raba Yaro da Rumfar Gidansu



Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar Bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaya zaurukan Zango: ina za a kai yaron nan? Da yake fatauci ne ya kawo kakanninmu bakin teku daga ƙasar Hausa, amsar da ke fara zuwa baki ita ce, ya je ya karanci kasuwanci. Shawara ce mai kyau. Sai dai abin da mafi yawanmu ke nufi a zuci shi ne, ya yi karatu domin ya tsira daga kasuwa, ya sami kujera a banki ko a ofis. Kujerun nan kuwa kaɗan ne, masu nemansu dubbai. Saboda haka ake ganin matashi da digiri a jaka yana zaman jira shekara da shekaru, alhali rumfar mahaifinsa na neman wanda zai riƙe mata lissafi.

Bari mu fara da sanin wurin. An kafa jami'ar a 1970 da sunan Jami'ar Dahome, a 1975 ta koma Jami'ar Ƙasa ta Benin, sannan a 2001, lokacin da aka buɗe ta Paraku, ta ɗauki sunan Jami'ar Abomey-Calavi, wadda muke ce wa Kalabi. Mai neman ilimin kasuwanci yana da manyan ƙofofi biyu a cikinta. Ta farko ita ce FASEG, tsangayar tattalin arziki da gudanarwa, wadda ke cikin harabar Kalabi, mai karɓar ɗalibai masu ɗimbin yawa. Ta biyu ita ce ENEAM, da ke unguwar Gbégamey a nan cikin Kwatano, inda gurabe ke da iyaka, ana kuma duba makin Bak kafin a ɗauki yaro. A can ana koyar da fannoni irin su lissafin kuɗin kamfani, banki da inshora, dabarun sayarwa, sufuri da jigilar kaya, da ƙididdiga. Karatun digirin farko, wato lisans, shekara uku ne, an kasa shi zango shida, kowane zango da jarrabawarsa.

To, me rumfa za ta yi da wannan ilimi? Kasuwancin da iyayenmu suka sani, amana ce da riƙon lissafi a ka. Amana tana nan da darajarta, amma hukuma ba ta karɓar lissafin ka. Mai son yin hulɗa da kamfani ko da ma'aikatar kwastan sai yana da lambar haraji ta IFU. Daga 2020 aka faɗaɗa dokar ba da rasit na na'ura mai rajista da ofishin haraji. Harajin TVA kashi 18 cikin ɗari ne, wanda bai san yadda ake lissafa shi ba yana iya cinye uwar kuɗinsa yana zaton riba ce. Dokokin kasuwanci kuma na OHADA ne, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, wadda ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da Nijar da Togo. Duk waɗannan darussa ne da ɗan lisans ke zama a kansu a aji.

Mu tuna kuma da abin da muka gani da idonmu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma hanyar Malanbil zuwa Gaya ta toshe, kayan Nijar suka yi ta jibgewa a tashar jiragen ruwa. Gidan da ya zuba dukiyarsa duka a kan hanya ɗaya ya ji jiki. Rarraba jari da ware ajiya domin ranar tsanani, su ma ana koyar da su. Haka nan a 2010 kamfanin ICC Services ya rushe da ajiyar dubban mutane, bayan ya yi musu alkawarin ribar da hankali ba zai ɗauka ba, sai a 2019 kotu ta yanke wa shugabanninsa hukunci. Ɗalibi ɗaya mai iya alƙalami a gida zai iya nuna wa iyalinsa cewa babu halattaccen cinikin da ke ninka kuɗi haka.

Sai dai kada mu ɗauka cewa zaman jami'a hutu ne. Mai tashi daga Zango sai ya yi sammako bayan sallar Asuba, ya bi cunkoson Godomey a ƙaramar bas ko a bayan zemijan. A shekarar farko ta FASEG ɗakin karatu kan cika maƙil, wanda ya makara sai tsayuwa. Malami ba ya kiran suna, ba mai aiko wa uba takarda in ɗansa ya daina zuwa. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa isa, shi ya sa da yawa ke haɗa kuɗi su kama haya a Zogbadjè, bayan harabar. Ga kuɗin mota, ga na abinci, ga na buga takardun darasi. Yaron da ya saba da idon malamin allo da na lakwal, ranar ɗaya ya wayi gari ba mai tsaronsa sai tarbiyyarsa. Ya kamata ya nemi 'yan'uwansa ɗalibai Musulmi tun makon farko, ya kuma sami abokan bita na kirki.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari saboda an ce ana koyar da lissafin kuɗin ruwa. Gaskiya ne ana koyarwa. Amma sanin abu daban, cinsa daban, wanda bai san yadda ake ƙulla riba a cikin takardar bashi ba, shi ne ya fi saurin sa mata hannu. Mu tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Fannin hada-hadar kuɗi ta Musulunci ma ya fara kafuwa a yankinmu: bankin Jaiz ya buɗe a Nijeriya a 2012, Senegal ta fitar da sukuk a 2014, babban bankinmu BCEAO kuma ya fitar da ƙa'idojin wannan fanni a 2018. Wanda ya haɗa fiƙihun ciniki da lisans yana da abin da ba kowa ke da shi ba.

Shawarata ga iyaye guda uku ce. Ta farko, a zauna da yaro kafin ya cike zaɓinsa, a duba makinsa na lissafi, domin karatun nan lissafi ne tun daga farko har ƙarshe. Ta biyu, a riƙa neman ganin sakamakon kowane zango, kada a jira sai shekara uku ta cika. Ta uku, wadda ta fi nauyi ga manya, a buɗe masa littafin rumfa. A ba shi ranar Asabar da lokutan hutu ya rubuta shiga da fita, ya ƙirga kaya, ya jera sunayen masu bashi. Gidaje nawa muka sani da kasuwancinsu ya bi maigida kabari, saboda ba wanda ya san abin da yake bi da abin da ake binsa? Wannan ya shafi 'ya'ya mata kamar yadda ya shafi maza, domin jarin uwa da adashinta su ma suna bukatar alƙalami.

Ku kuma ɗalibai, kada takarda ta sa ku raina tabarmar da aka biya muku kuɗin karatu a kanta. Malamanku sun san lissafi, iyayenku sun san mutane da kaya da lokaci, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya sa abin da suka koya ya amfani gidajensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.