Gasar rage ƙiba a talabijin: lafiya take koyarwa ko gaggawa?

A watan Agustan 2025 kamfanin Netflix ya fitar da wani shiri mai kashi uku a kan The Biggest Loser, gasar rage ƙiba da ta fi kowace suna a talabijin ɗin Amurka. Tsofaffin 'yan takara da masu shirya gasar sun zauna gaban kyamara suna ba da labarin abin da ya faru a bayan fage. Hakan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: shin irin wannan gasa tana koya wa mutane kula da lafiyarsu, ko dai kallo ne kawai ake sayarwa?

Tambayar ta shafe mu. Guntayen bidiyon waɗannan shirye-shirye suna yawo a wayoyin 'ya'yanmu, ga hoton mutum kafin ya fara, ga hotonsa bayan ya zube. A gefe guda kuma ciwon suga da hawan jini sun shigo gidajenmu, har ya zama da wuya ka ga sahun salla da babu mai fama da ɗayansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Idan likita ya ce wa ɗan uwa ya rage nauyi, zai nemi abin koyi, kuma abin da ya saba gani a allo shi zai fara faɗo masa a rai. Don haka ya dace mu duba abin da allon yake koyarwa.

Yadda ake gudanar da gasar

Tashar NBC ce ta fara nuna shirin a 2004, ta ci gaba da shi har 2016, sannan wata tasha ta dawo da shi sau ɗaya a 2020. An kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa. A zamanin da NBC ke nuna shirin, ana zaɓo mutane masu ƙiba sosai, a raba su da iyalansu da sana'o'insu, a killace su a wani gidan gona a jihar Kaliforniya. A can ana rage musu abinci ƙwarai, masu horarwa kuma su tsaya a kansu suna daka musu tsawa, suna motsa jiki na sa'o'i da dama kowace rana. Ƙarshen kowane mako sai a hau da su kan babban sikeli a gaban kyamara. Waɗanda suka fi ƙarancin ragewa su ne ke fuskantar kora. Wanda ya fi kowa zubar da kaso mai yawa na nauyinsa a ƙarshe, shi zai tafi da dala 250,000.

Sunan shirin ma da gangan aka sa masa harshen damo. A Turanci yana iya nufin wanda ya fi kowa zubar da nauyi, yana kuma iya nufin wanda ya fi kowa taɓewa.

Duk wanda ya lura zai ga cewa abu guda ake aunawa a nan: kilo nawa ya sauka cikin kwana bakwai. To, sikeli bai san bambanci tsakanin kitse da tsoka da ruwa ba. Ryan Benson, wanda ya lashe zagayen farko, ya sauko daga kusan kilo 150 zuwa 94. Daga baya ya faɗa da bakinsa cewa gab da awon ƙarshe ya ƙaurace wa abinci, ya busar da jikinsa daga ruwa har ya fara fitsarin jini, kuma cikin 'yan kwanaki bayan an tashi daga gasar sama da kilo goma suka dawo. A 2014 Rachel Frederickson ta yi nasara bayan ta sauko daga kilo 118 zuwa 48, wato ta zubar da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta. Ramar da ta yi ta tayar da hankalin masu kallo da yawa, alhali ba ta karya wata doka ba. Abin da dokar gasar ta nema shi ta yi.

Abin da ya biyo baya bayan an kashe kyamara

Hujja mafi ƙarfi a wannan magana ta fito ne daga wani bincike da Kevin Hall da abokan aikinsa na Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa a mujallar Obesity a 2016. Sun bi sawun mutum 14 daga cikin waɗanda suka fafata a zagaye na takwas, wanda aka yi a 2009. A matsakaici kowannensu ya shiga gasar da kilo 149, ya fita da kusan 91 bayan mako talatin. Da aka sake auna su bayan shekara shida, matsakaicin ya koma kusan kilo 132. Goma sha uku daga cikinsu sun sake yin ƙiba, huɗu ma sun wuce nauyin da suka shiga da shi.

Abin da ya fi jan hankali shi ne dalili. Jikin ɗan Adam yana ƙona abinci ko da yana kwance, domin bugun zuciya da numfashi da ɗumin jiki, kuma ana auna wannan da ma'aunin da ake kira kalori. Kafin gasar, jikin kowannensu yana ƙona kimanin kalori 2,600 a rana yana hutawa. A ƙarshenta ya sauka zuwa kusan 2,000. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda ƙaramin jiki ba ya buƙatar abin da babba yake buƙata. Amma bayan shekara shida, da yawancin nauyin ya riga ya dawo, ƙonawar ba ta dawo ba, tana nan kusan 1,900. Masu binciken sun lissafa cewa ta gaza abin da ake tsammani ga mai irin girman jikinsu da kusan kalori 500 a kullum, kwatankwacin ƙaramin kwanon abinci guda. Haka nan sinadarin leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da isasshen tanadi, ya faɗi warwas a ƙarshen gasar. Ga yunwa ta ƙaru, ga jiki ya koyi tsimi.

Danny Cahill, wanda ya lashe wannan zagayen, ya sauko daga kilo 195 zuwa 87. Bayan shekara shida ya mayar da sama da kilo 45, kuma an gano jikinsa yana ƙona kalori kusan 800 ƙasa da na wani mai girmansa. Wannan mutum ne da ya nuna juriyar da mafi yawanmu ba mu da ita, don haka ba za a ce rago ne ba.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Mutum 14 ba su da yawa, kuma masana suna ci gaba da tattauna abin da ya jawo wannan raguwar. Sannan a matsakaici, bayan shekara shidan, suna nan ƙasa da nauyinsu na farko da kusan kashi 12 cikin ɗari, wanda riba ce ga lafiya. Sai dai da aka sake nazarin waɗannan mutanen a 2017, an ga cewa waɗanda suka fi riƙe raguwarsu su ne waɗanda suka mayar da motsa jiki al'adar kowace rana a gidajensu. Ke nan alherin da ya saura ya fito ne daga ɗabi'ar da aka dawwama a kanta shekara da shekaru, kuma wannan ɓangaren ne ba a nunawa a talabijin, saboda babu mai zama ya kalli mutum yana tattaki kowace safiya.

Darasin da mai kallo yake ɗauka

Mai kallo a gida yana fita da darussa guda biyu, dukansu masu cutarwa. Na farko gaggawa. Likitoci suna ba da shawarar rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. A cikin gasar kuwa, wanda ya rage kilo biyu a mako yana iya fashewa da kuka don ya san kora ta matso. Wanda ya saba ganin haka, idan ya yi wata guda yana ƙoƙari ya ga kilo biyu ne suka sauka, sai ya ɗauka ya gaza ya watsar, alhali yana kan hanya daidai. Ga shi kuma ba shi da mai horarwa, ba shi da likita a gefe, yana da shago ko aji ko gona da ke jiransa. Daga nan ne ake faɗawa hannun masu tallar shayi da ƙwayoyi da ke alkawarin narkar da tumbi cikin mako biyu.

Wannan gaggawar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, fuska kawai ta sauya. Mun san 'yan mata da ke shan ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe don su yi jiki kafin biki, ba tare da sanin likita ba. Mai son ramewa cikin wata guda da mai son cika cikin wata guda, cuta ɗaya ke damunsu: idon mutane ya zama ma'auninsu, an bar zancen lafiya a baya.

Mun ga a nan hikimar abin da ya faru da sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Yana matashi ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa, ya nuna masa azumin kwana uku a wata. Shi kuwa ya yi ta neman ƙari saboda yana jin ƙarfi. Da tsufa ya zo, sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Idan a ibada ma an hana mu ɗaukar abin da ba za mu iya ɗorewa a kansa ba, ina ga neman siffar jiki?

Darasi na biyu shi ne wulaƙanci. Ana tsayar da maza ba riga, mata da 'yar guntuwar sutura, a gaban miliyoyin mutane don a auna su. Ana jera musu kayan zaƙi a gabansu don a gwada ko za su faɗa. Ana nuna amansu da kukansu a matsayin abin nishaɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa waɗanda aka sa suka kalli kashi ɗaya na shirin sun fito da ƙarin ƙyamar masu ƙiba, da ƙarin yarda cewa nauyin mutum abu ne da yake hannunsa kacokan. Alhali ƙiba tana da sababai da yawa, akwai gado, akwai haihuwa, akwai wasu magunguna da cututtuka, akwai irin abincin da aljihu ya iya saya. Wanda kuma aka saba yi wa dariya yakan ɓuya ne a gida, ya ji nauyin fita motsa jiki, wani lokaci har ya ƙi zuwa asibiti.

Suratul Hujurat ta hana mu yi wa juna izgili da jifa da munanan laƙabi. An kuma ruwaito cewa wata rana sahabbai sun yi dariyar siraran ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud, sai Manzon Allah (SAW) ya sanar da su cewa ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizanin Allah. Ya kamata mu binciki kanmu a nan, domin sunayen da ake laƙaba wa yaro mai jiki a makaranta, da maganganun da ake yaɓa wa mace bayan haihuwa, ba daga Amurka aka shigo mana da su ba.

Hanyar da bincike ya tabbatar

Akwai wani babban bincike na rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurkan, aka wallafa a 2002, wanda ya ƙunshi mutane sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon. Abin da aka nema daga wani rukuni nasu shi ne su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, kamuwa da ciwon ta ragu a tsakaninsu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 100, wannan kilo bakwai ne kawai, da tafiyar rabin sa'a kwana biyar a mako. Da wannan mutumin a gasar talabijin yake, da tun makonnin farko an kore shi.

Saboda haka amsarmu ita ce, waɗannan gasa ba sa koyar da ɗabi'ar lafiya. Iyakar amfaninsu su zaburar da mutum na dare ɗaya, sannan su bar shi da ma'aunin da ba zai iya cimmawa ba. Abin da ke aiki yana hannun kowa. A taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa idan babu nisa, maimakon hawa babur. A rage sukarin shayi da lemun kwalba. A rage soye-soye, musamman a buɗa baki lokacin azumi. A tashi daga kwano tun ciki bai cika ba, kamar yadda hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koyar game da bar wa ruwa da numfashi rabonsu. Mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, kada su fara wani tsari sai sun ga likita. Magidanta kuma su sauƙaƙa wa matansu hanyar motsa jiki cikin sutura da mutunci, domin su ne suka fi zama wuri ɗaya.

Ga ɗalibanmu da ke tura wa juna irin waɗannan bidiyo, idan kun ga hoton wanda ya zube cikin wata uku, ku tambayi yadda yake bayan shekara shida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu riƙe amanar jikin da ya ba mu.