Ajiya maganin wata rana

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, maza da mata, kowa a cikinmu ya san abin da ake yi da hajar da ta yi kwantai. A karya kuɗinta, in ba ta shiga ba a fid da ita daga mangaza don sabuwa ta samu wuri. Haka kasuwa ta gada. Amma akwai hajar da in aka yi mata haka, asarar takan shafi al'umma duka. Ku ji abin da ya faru a Ingila.

A shekarar 1914, wani ɗan kasuwar sinima mai suna G. B. Samuelson ya zuba kuɗinsa aka shirya fim ɗin "A Study in Scarlet", George Pearson ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Arthur Conan Doyle na 1887, inda aka fara jin sunan Sherlock Holmes, gwanin gano masu laifi. A lokacin fim ba ya magana: hoto ake gani, ana saka rubutu a tsakani, makaɗi yana kiɗa a ɗakin kallo. James Bragington, wanda ya fito a matsayin Holmes, ma'aikacin kamfanin ne kawai, siffarsa ce aka ga ta dace.

Yau wannan fim babu shi. A 2010 cibiyar fina-finan Birtaniya, BFI, ta sa shi cikin jerin fina-finai 75 da take nema ruwa a jallo, kuma har yanzu shiru. Gwanin bincike shi kansa ya ɓace!

Me ya cinye fina-finan wancan zamani? Zaren da ake ɗaukar su a kai yana saurin kama wuta, kuma yana ruɓewa, don haka ajiyarsa akwai tsada da haɗari. Da fim mai magana ya zo a ƙarshen shekarun 1920, tsofaffin suka rasa mai saye. An narkar da masu yawa don a cire ƴar azurfar da ke jikin zaren. Ma'ajiyar fim ta ƙasar Ingila kuwa sai a 1935 aka kafa ta, bayan ɓarna ta riga ta yi nisa. Masu kayan lissafin ranar suka yi, kamar yadda mu ma muke yi.

Kada mu ce wannan matsalar Turawa ce. Fim ɗin Hausa "Shaihu Umar", wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a Berlin a 2018. Ya tsira ne don ba a zubar da shi ba.

To, mu a nan fa? Kaset nawa na mawaƙanmu da na wasan kwaikwayo aka zubar a Maradi, Damagaram da Tawa tun da wayar salula ta karɓe kasuwa? Yaro nawa ne ya taɓa kallon fim ɗin Oumarou Ganda ko Moustapha Alassane?

Wani zai ce wurin ajiya kuɗi ne, kuma shago ba gidan tarihi ba ne. Gaskiya ne. Ba mu ce a tara kwali goma ba. Ɗaya daga kowane iri ya isa, a sa a inuwa nesa da zafi da ƙura, a nemi yaro mai kwamfuta ya kwafe. Wanda ba ya iya riƙewa ya miƙa wa gidan rediyo. Hukuma kuma ta tanadi wuri da ma'aikata tun kayan suna nan.

Ingila mai kuɗi da masana ta kasa dawo da fim ɗinta. Namu kaset yana ƙarƙashin gado da bayan kanta. Mu duba kafin mu share.