Hausa ta hau kujera, kada ta zama sabuwar bulala

A watan Maris na 2025, sabon kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa suka koma harsunan aiki. Mun yi murna, kuma murnar ta cancanta. Amma ƴan uwana malamai da iyayen yara na Dakoro, ina da tambaya: yaron da ya taso daga ruga ko zango, wanda Fulatanci ko Tamajak kaɗai yake ji, me wannan nasara ta ƙara masa?

Kowa ya san maganar da ake yi a ofis da bakin kasuwa: wai Fulani da Abzinawa ba sa son boko. Ni ban yarda ba. Wannan magana mafakar malalaci ce. Mu da muka yi lakwal a zamanin "sambol", lokacin da ake rataya wa yaro ƙashi ko katako a wuya don ya kuskura ya yi Hausa a aji, mun san zafin a hana mutum harshen uwarsa. Yanzu kuma mu ne muke kiran ɗan makiyayi daƙiƙi saboda ya yi shiru a ajin da ba ya jin harshen malami, ba ya kuma jin na sauran yara.

Shirun nan ma mun taɓa tambayar ma'anarsa? Bafulatanin yaro yana sunkuyar da kai gaban babba, yana jin nauyin cin abinci a bainar jama'a. A gidansu wannan tarbiyya ce, kunya ce. Malamin da bai sani ba sai ya ɗauka taurin kai ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Haka muke yi wa iyayensu. Ana kiran taron kwamitin makaranta, a yi shi da Hausa daga farko har ƙarshe, a lokacin da uban yaro yake bakin rijiya yana shayar da dabbobi, sannan a rubuta cewa bai zo ba. Wanda ba a ji ta bakinsa ba, ta yaya za a ce an yi masa adalci?

Wani zai ce ai ba mu da littattafai, ba mu da malaman da ke jin harsunan. Gaskiya ne akwai ƙaranci. Amma Nijar ta fara gwajin koyarwa da harshen gida tun 1973 a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba shi gurbi, dokar 2001 kuma ta amince da harsuna 10, har da Fulatanci da Tamajak. Doka tana nan, niyya ce ta yi ƙaranci. Neman tafinta a taron iyaye ba ya bukatar kasafin kuɗi daga Yamai.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Daga kwarin Tarka zuwa Bermo da Gadabeji, gona da makiyaya suna gogayya kowace damina, tun da dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, gonaki kuma suka tsallake ta. A nan jihar Maraɗi, a Toda, cikin watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara Fulani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaran da ke zaune kan benci ɗaya yau, su ne gobe za su zauna a hukumar filaye su yi shawara kan burtali da rijiya. Idan tun a aji suka koyi cewa muryar wasu ba ta da nauyi, da wannan darasin za su tafi.

Don haka, malam, koyi gaisuwa da ƙirga da kalmomin aji a harshen ɗalibinka. Darakta, tambayi arɗo da shugaban zango ranar da ta dace kafin ka sa taro, kuma ka ba su kujera a kwamiti. Iyaye, ku tsawata wa ƴaƴanku idan suka kwaikwayi Hausar wani don dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu je mu tambaye shi, da harshen da zai iya ba mu amsa.